Garmaho da Asalin Ɗaukar Murya: Abin da Faifai ya Riƙe da Abin da ya Zubar na Waƙar Baka

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami manazarcin waƙar baka a jami'o'inmu wanda ya ji waƙar da yake fiɗa daga bakin mawaƙinta. Akasari a kaset ya same ta, ko a faifai, ko a taskar wani gidan rediyo, sannan ya juye ta a takarda, ya raba ta ɗiya-ɗiya, ya ce ga matanin waƙa. A wannan hali mukan ɗauki na'urar da ta kawo mana muryar tamkar ɗan aike mai amana, wanda ba ya ragi ba ya ƙari. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa ɗan aiken nan yana da nasa hali. Shi ya ƙayyade tsawon abin da za a faɗa, da irin kiɗan da zai fito, da wanda za a ɗauka da wanda za a bari. Don haka za mu bi asalin garmaho da yadda yake aiki, da hanyar da ya biyo ya iso ƙasar Hausa, sannan mu auna shi da waƙar Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa cikin 1923, domin a wurinsa ne aka fi ganin rashin jituwar da ke tsakanin faifai da waƙar Bahaushe.

2.0 Yadda Aka Kama Murya

Sauti ba kome ba ne illa kaɗawar iska. In makaɗi ya doki kalangu, fatar takan yi karkarwa, ta tunkuɗa iskar da ke kusa da ita, iskar ta isa kunne ta kaɗa tantanin da ke ciki. Duk dabarar ɗaukar murya a kan wannan take. Idan aka sami wani tantani na roba ko na ƙarfe, aka liƙa masa allura, to duk motsin da murya ta sa tantanin ya yi, allurar za ta zana shi a kan abin da take gogawa.

Wanda ya fara yin haka Bafaranshe ne, Édouard-Léon Scott de Martinville, ma'aikacin ɗab'i a Faris, wanda ya yi rajistar na'urarsa cikin 1857. Shi kan takardar da aka turara da hayaƙin fitila allurarsa take zane. Abin lura shi ne bai yi nufin a sake jin muryar ba. Burinsa a ga siffarta da ido, a karanta ta kamar rubutu. Sai cikin 2008 ne wasu masana a Amurka suka yi amfani da kwamfuta suka mai da wani zane da ya yi cikin 1860 ya zama sauti, aka ji muryar mutum yana rera waƙa bayan shekara 148.

Cikin 1877 mutum biyu suka kai ga tunanin mayar da zanen ya koma murya. Charles Cros a Faransa ya rubuta bayanin dabarar amma bai ƙera ba. Thomas Edison a Amurka shi ya ƙera, ya kuma gwada ta a gaban jama'a a ƙarshen shekarar. Na'urar Edison wani gwangwani ce da aka naɗe da fallen kuza, ana juya shi da hannu, allura tana danna fallen, wani wuri da zurfi wani wuri sama-sama. In an gama sai a mai da allurar farko, ta bi sawunta, ta kaɗa tantani, murya ta fito. Fallen kuza ba ya ƙarko, kunnawa kaɗan ya lalace. Chichester Bell da Charles Tainter suka maye shi da kaki cikin shekarun 1880, Edison ma ya koma ga gwangwanin kaki.

Amma garmaho da muka sani ba daga Edison ya fito ba. Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, shi ya yi rajistarsa cikin 1887, kuma ya saɓa wa Edison ta fuska biyu. Ya bar gwangwani ya koma ga abu mai faɗi, kewayayye. Sannan allurarsa hagu da dama take karkata a cikin kwarin da take bi, maimakon sama da ƙasa. Kwarin nan guda ɗaya ne tak, ya faro daga baki yana kewayawa har ya kai tsakiya, daidai yadda mai ɗinkin faifan kaba take bi, sai dai ita daga cibiya take farawa. Ba mamaki da Bahaushe ya ga abin ya kira shi faifai, ya kuma lanƙwasa sunan akwatin ya koma garmaho.

Muhimmancin faifai ya fi ƙarfi ta wajen ciniki. A farkon zamanin gwangwanin kaki juye shi aiki ne mai wuya, har mawaƙi yakan wuni yana maimaita waƙa ɗaya a gaban na'urori don a sami na sayarwa. Faifai kuwa sau ɗaya ake ɗauka, a yi masa hatimi na ƙarfe, a riƙa buga dubbai kamar yadda ake buga littafi. Abin da ake buga shi da shi wani haɗi ne na garin dutse da shalak, watau wani irin ƙaro da wani ɗan ƙwaro yake fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. Shi ya sa faifan garmaho yake da nauyi, kuma in ya faɗi ya fashe kamar tangaran. Cikin 1896 Eldridge Johnson ya ƙera masa inji mai aiki da wani irin na agogo, ya hutar da mai shi daga juyi da hannu. Cikin 1898 aka kafa kamfanin Gramophone a Landan, shekara ta zagayo suka sayi hoton nan na kare yana leƙen bakin ƙaho, wanda ya zama tambarin His Master's Voice. Wannan kamfani ne ya haɗe da Columbia cikin 1931 aka sami EMI.

3.0 Iyakokin Faifai

A nan ne ya kamata manazarci ya tsaya ya duba da kyau. Faifai mai faɗin inci 10 yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe bai wuce ya ɗauki minti 3 da 'yan daƙiƙoƙi ba. Mai inci 12 yakan kai minti 4 da wani abu. Watau juyi kamar 234 ne rabon mawaƙi, daga nan allura ta kai tsakiya, ko ya gama ko bai gama ba.

Wannan ƙunci ba mu kaɗai ya matsa wa ba. Cikin 1902 Fred Gaisberg, ma'aikacin kamfanin Gramophone, ya ɗauki Gauhar Jaan a Kalkata. Salon waƙarta irin wanda ake daɗewa ana warwararsa ne, amma dole ta dunƙule shi cikin minti 3, har ta rage 'yan daƙiƙoƙi na faɗin sunanta a ƙarshe, don masu buga faifan a Turai su san abin da za su rubuta a jikinsa. Haka aka yi wa mawaƙan Masar. A can ma har na'urar ta ja hankalin malamai, domin Shaihu Muhammad Bakhit al-Muti'i ya rubuta risala cikin 1906 a kan hukuncin karatun Alƙur'ani da ake ji daga cikinta.

Iyaka ta biyu ta shafi kiɗa. Kafin 1925 babu makirfo a wajen ɗauka. Ƙarfin muryar mawaƙi ne kawai yake shiga ƙaho ya tura allura. Sauti mai kauri ƙwarai da mai siranta ƙwarai ba sa kamuwa, ganga mai ƙarfi kuma takan sa allura ta yi tsalle ta ɓata ɗauka. Saboda haka akan tura makaɗa baya, a jawo mai waƙa bakin ƙaho. Ga waƙar da goge ko garaya ke raka ta wannan da sauƙi. Ga ƙungiyar kalangu ko taushi ko kotso, mai jagora da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira, wannan tsari ya rushe zaman da suka saba. Ɗauka da lantarki da aka fara cikin 1925 ta gyara sauti sosai, amma ba ta ƙara wa faifai ko minti ɗaya ba.

4.0 Isowarsa Afirka ta Yamma

Ta hanya biyu na'urar ɗaukar murya ta shigo wannan yanki, kuma bai kamata a cuɗanya su ba. Ta farko ita ce ta masu binciken al'adu. Tun cikin 1890 Jesse Walter Fewkes ya ɗauki waƙoƙin ƙabilar Passamaquoddy a Amurka, aka kafa taskar murya a Biyana cikin 1899, da ta Balin cikin 1900. Waɗannan mutane gwangwanin kaki suka fi so, domin da akwati ɗaya ana iya ɗauka a ƙauye a kuma saurara nan take. Northcote Thomas, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aikin binciken al'adu, ya tara ɗaruruwan irin waɗannan gwangwanaye tsakanin 1909 da 1915, a ƙasashen Edo da Ibo da kuma Saliyo, suna ajiye a Laburaren Biritaniya. Waɗannan ba a yi su don mutanen da aka ɗauka su saya ba.

Hanya ta biyu ita ce ta 'yan kasuwa. Cikin 1922 Rabaran J. J. Ransome-Kuti ya rera waƙoƙin coci da Yarbanci a Landan, aka buga su da tambarin Zonophone. Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin ya ɗauki 'yan Afirka ta Yamma da dama a can Landan, cikin harsuna irin su Yarbanci da Fanti da Ga da Tuwi da Wolof, har da Hausa. Sai cikin shekarun 1930 kamfanoni irin su Odeon da Parlophone suka aiko da injiniyoyinsu Ikko, daga baya HMV da Decca suka biyo sawu a Ikko da Akara.

Abin da ya fito fili daga wannan jeri shi ne wurin da ake ɗauka: Landan, Ikko, Akara. Duka bakin teku ne ko hayinsa. Wanda ya samu shiga faifai shi ne wanda ƙafarsa ta kai shi inda injin yake. Manyan makaɗan fada na Katsina da Gobir da Zamfara da Kabi suna gindin iyayen gidansu, ba sa barin gari sai da izini, kuma ba su da wata bukata ga ladan kamfani. Saboda haka yawan faya-fayen wani harshe a wancan zamani ba ma'auni ne na arzikin waƙarsa ba. Ma'auni ne na kusancinsa da tashar jirgin ruwa.

Shi kansa akwatin kuwa bai sha wuyar shigowa Arewa ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya dire Ƙaurar Namoda cikin 1929. Auduga ta sa aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, kantunan kamfanoni irin su UAC da John Holt suka bazu suna sayen auduga da gyaɗa, suna sayar da kayan Turai. Garmaho ya dace da irin waɗannan garuruwa ƙwarai, musamman ƙaramin nan mai kama da akwatin tafiya, wanda aka ɓoye ƙahonsa a ciki, irin samfurin HMV 101 na 1925 da 102 na 1931. Ba ya bukatar lantarki ko batir. A yi masa wani, a ɗora faifai, a sa allura. Allurar ƙarfe ce, kuma ƙa'idarta a canja ta bayan kowane gefe, domin in ta dakushe sai ta riƙa cin faifan. Wanda ya yi tsimin allura ya yi asarar faifai, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa yawancin tsofaffin faya-fayen da ake tsinta a gidaje shacinsu ya fi muryarsu ƙarfi.

5.0 Shata da Minti Uku

Lokacin da aka haifi Shata a Musawa, garmaho ya shekara 36 a duniya. Amma makarantar da ya yi ba ta da alaƙa da shi. A dandali da kasuwa ya fara, yana tallan goro yana waƙa, ya zauna Bakori, sunansa ya ƙara fita a Bikin 'Yan Sarki na Kano cikin 1952, daga baya Funtuwa ta zama mazauninsa. Waƙar da aka koya a dandali ba ta san agogo ba. Tsawonta yana hannun taro. In wani mai alheri ya shigo fili, sanƙira ya sanar, sai a buɗe masa ɗa a cikin waƙar da ake yi. In an yi kyauta a faɗe ta a yi godiya. In wani ya yi abin haushi a sakar masa habaici nan take. Amshi shi ne turken da ba ya motsi, ɗiyan kuwa suna ƙaruwa suna raguwa suna sauya wuri. Dandatti Abdulƙadir, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana cikin 1975, a kan wannan hali na mawaƙin baka a cikin jama'arsa ya gina bincikensa.

To, me minti 3 za su ɗauka daga irin wannan waƙa? Share fagen kalangu, amshi, ɗiya kaɗan, shi ke nan. Bakandamiyarsa, wadda ya yi ta rerawa yana ƙara mata ɗiya shekara da shekaru, ba ta da yadda za ta shiga gefen faifai mai juyi 78 sai an yanke mata kai da ƙafa. A ganinmu sa'ar da Shata ya yi, mu ma muka yi, ita ce ƙarfinsa ya zo daidai da sauyin na'ura. Dogon faifai mai juyi 33 da sulusi ya fito cikin 1948, yana ɗaukar fiye da minti 20 a kowane gefe. Rikoda mai tef ta shiga gidajen rediyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki cikin 1957, gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna cikin 1962, kamfanin Philips kuma ya fito da kaset cikin 1963. Ta waɗannan kafofi, da dogayen faya-fayen EMI ta Nijeriya, akasarin abin da muke ji na Shata ya iso gare mu. A wannan zamani ne kuma David Ames a Zariya da Anthony King a Katsina suka yi ɗaukar da ta haifar da ƙamusunsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971.

A nan akwai wani ruɗani na suna da ya kamata mu kauce masa. A bakin jama'a duk baƙin faifai faifan garmaho ne, ko na shalak mai juyi 78, ko na roba mai juyi 45 wanda ya fito cikin 1949, ko dogon. Idan dattijo ya ce ya ji waƙa kaza a garmaho, wannan kaɗai bai isa a ce waƙar ta shekarun 1940 ce ba. Sai an tambaye shi: akwatin wani ake yi masa ko batir yake ci? Faifan yana lanƙwasuwa ko fashewa yake yi? Waƙa nawa ce a gefe guda? Amsar waɗannan tana iya matsar da shekarar waƙa da shekara ashirin.

Ko da tef da kaset suka kawar da ƙuncin lokaci, akwai abu ɗaya da Berliner ya gadar wanda bai kau ba, watau daskarar da rerawa guda. Daren da aka ɗauki waƙa dare ɗaya ne cikin ɗaruruwan da aka rera ta. Amma da yake shi aka buga, shi rediyo ke maimaitawa, sai ya zama shi ne waƙar a kunnen jama'a, har mai sauraro ya ji wata rerawar ya ce an yi kuskure ko an yi ƙari. Mu ma manazarta mukan faɗa wannan rami, mu ce waƙa kaza ɗiya kaza gare ta, alhali abin da muka ƙirga ɗiyan rerawa ɗaya ne. Kuma rerawar ɗakin ɗauka daban take da ta fili. A ɗaki babu mai liƙi, babu abokin hamayya a gefe, babu wanda zai shigo a canja akalar waƙa dominsa.

Faifai ya kuma taɓa dangantakar mawaƙi da ubangidansa. A da yabo yana tsayawa inda murya ta tsaya, a ƙofar fada ko a filin biki, kuma wanda aka yi wa shi ne yake biya, da riga ko doki, daga baya da mota ko kujerar Makka. Da waƙa ta zama hajar kanti sai ga wanda bai san mai waƙar ba, bai san wanda aka wasa ba, ya sa kuɗinsa ya saye ta ya kai ɗakinsa. Yabo ya yi nisan da bai taɓa yi ba, zambo ma haka. Mutumin da aka yi wa zambo a dandalin Musawa a da, kunyarsa ba ta wuce 'yan garuruwan kewaye ba, kuma takan gushe in an kwana biyu. Wanda aka yi wa a faifai kuwa, jikokinsa ma za su ji. Mawaƙan jama'a irin Shata, waɗanda ba su ɗaure kansu ga fada ɗaya ba, su suka fi cin moriyar wannan sauyi, domin duk inda faifai ya riga su isa ya share musu fagen sababbin iyayen gida.

6.0 Abin da ya Rage a Hannu

Shata ya rasu cikin 1999, kuma tsararrakinsa da suka ga zamanin garmaho mai wani sun ƙaranta ƙwarai. Faya-fayen da suka rage suna cikin adaka da rumbuna da ɗakunan tsofaffi a garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Musawa, kuma yanayinmu ba ya tausaya musu. Zafi yana tanƙware na roba, ƙurar hunturu tana shiga kwarin faifai ta zama kamar yashi a ƙarƙashin allura, danshin damina yana sa tef ya yi fumfuna ya manne. Aikin da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta faro na tara waƙoƙi, da wanda Sa'idu Muhammad Gusau ya yi na juye su a rubuce, ya ceci matani mai yawa. Abin da muke ganin ya kamata a ƙara shi ne kula da jikin faifan kansa a matsayin shaida.

Duk wanda ya sami tsohon faifai, kada ya ɗora shi a kan garmaho mai allurar ƙarfe don gwaji, domin kowace kunnawa tana rage shi. Kada a goge na shalak da sinadari mai barasa, narkar da shi yake yi. A jingine shi a tsaye, a inuwa, cikin rigarsa ta takarda. Kafin a juye muryar zuwa kwamfuta a rubuta duk abin da ke jikin tambarin: sunan kamfani, lambar faifai, yadda aka rubuta sunan mawaƙi da na waƙa ko da an karya su. Sannan a duba filin da ke tsakanin ƙarshen kwari da tambari, akwai wata lamba da aka tsaga a wurin, ita ce lambar ainihin ɗaukar, kuma da ita ake bin rajistar kamfani a gano gari da shekarar da aka yi ta. Wajen juyewa kuma a lura da gudu. Faya-fayen farko ba duka ne suke kan 78 cif ba, kuma in gudun ya ƙaru ko ya ragu kaɗan, muryar dattijo takan koma ta saurayi, kalangu ya hau ko ya sauka daga inda makaɗi ya ɗaure shi. Saboda haka a ajiye juyi ɗaya yadda ya fito, da shacinsa da kome, kafin a taɓa shi da kowane irin gyara.